Sigarin Lantarki: Tallar Da Take Shigowa Gida Ta Cikin Waya

A yau da wuya a sami ƙauyen da ba shi da shagon cajin waya, kuma yawancin masu zama a bakin shagon samari ne. Waya ta taimake mu ƙwarai. Da ita muke jin farashin masara kafin mu ɗauki buhu zuwa kasuwa, da ita ɗa yake aiko wa uwarsa kuɗi daga birni. Amma akwai 'yan kasuwa da suka gane cewa ta cikin waya za su iya isa wurin yaro ba tare da sun bi ta gaban ubansa ba. Cikinsu akwai masu sayar da sigarin lantarki. A jikin kwalinsa da kuma cikin waya za ku ga an rubuta sunansa vape, kuma da wannan suna matasa suka san shi.

A wannan fitowa za mu duba mene ne wannan abu, da yadda aka yi tallarsa a ƙasashen da ya fara yin ɓarna, domin dabarun da aka yi amfani da su a can, su ne suke cikin wayoyin 'ya'yanmu.

Mene ne sigarin lantarki?

Wata 'yar na'ura ce mai batir. A cikinta akwai ruwa, akwai kuma siririyar wayar ƙarfe. In mutum ya zuƙa, batir ya zafafa ƙarfen, ruwan ya zama tururi, tururin ya shiga huhu. Ba a kunna wuta, babu toka, babu warin taba. Wani yana kama da biro, wani kamar abin shafa leɓe na mata, wani kuma kamar ɗan abin da ake sa wa kwamfuta don ajiye takardu. Uwa za ta iya ganinsa a aljihun wandon ɗanta lokacin wanki, ta ajiye masa a kan taga.

Masu sayarwa sukan ce tururin ruwa ne kawai. Ba haka ba ne. A cikin yawancinsu akwai nikotin, wato sinadarin da yake cikin ganyen taba, wanda yake sa mai shan sigari ya kasa bari. Akwai wasu mayuka da suke sa tururin ya yi kauri, akwai sinadaran ƙanshi da ɗanɗano, kuma an sha samun burbushin ƙarafa irin su dalma a cikin tururin.

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, mai suna Hon Lik, shi ne ya ƙirƙiro irin wanda ake sha yanzu, a shekarar 2003. Shi kansa mashayin sigari ne, mahaifinsa ma ciwon dajin huhu ne ya kashe shi. Nufinsa ya samo abin da zai raba manya da sigari. Ku riƙe wannan a zuciya, gama daga baya abin ya koma hannun waɗanda nufinsu dabam ne.

Abin da ya faru a Amurka

Tun 1971 doka ta hana tallar sigari a rediyo da talabijin a Amurka. A 1998 kuma manyan kamfanonin taba suka sa hannu a yarjejeniya da jihohin ƙasar cewa sun daina tallar da take jan yara, sun daina sa hotunan zane na wasa, sun sauke manyan allunan talla. Shan sigari tsakanin 'yan makaranta ya yi ta raguwa shekara bayan shekara. Sai dai waɗannan dokoki an rubuta su ne domin sigari na ganye. Ba su ambaci na lantarki ba, kuma lokacin da aka rubuta su babu Facebook, babu Instagram.

A shekarar 2015 wasu mutum biyu da suka yi karatu a Jami'ar Stanford, James Monsees da Adam Bowen, suka fito da wani sigarin lantarki mai suna Juul a birnin San Faransisko. Abu biyu suka bambanta shi da na baya. Na fari, siffarsa: ɗan siriri, baƙi, mai kyan gani, ana cajinsa a jikin kwamfuta. Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci, sun haɗa nikotin ɗin ta wata hanya da ba ya ƙona maƙogwaro. Wanda ya taɓa gwada sigari na ganye ya san zuƙar farko tana zuwa da tari da ɗaci, kuma wannan ɗaci ya kori yara da yawa daga taba. Juul ya kawar da shi. Kamfanin da kansa ya ce nikotin da ke cikin ɗan kwalinsa guda ya kai na kwalin sigari mai kara 20. Ga shi kuma da ɗanɗanon mangwaro, da na'ana'a, da kokwamba.

Tallar farko ba ta nuna tsoho mai tari da yake neman rabuwa da sigari ba. Ta nuna samari da 'yan mata kyawawa cikin tufafi masu haske, suna dariya, suna rawa, da Juul a hannu. Aka shirya bukukuwa a manyan birane ana raba shi kyauta. Aka gayyato waɗanda suke da mabiya da yawa a intanet, suka ɗauki hotuna suka baza a Instagram da Twitter. Daga baya, a 2020, gwamnatin jihar Masachusets ta kai kamfanin kotu, tana zargin ya sayi gurbin talla har a shafukan intanet na tashoshin yara irin su Nickelodeon da Cartoon Network, da shafukan da 'yan makaranta suke shiga domin aikin gida. A watan Yuli na 2019 kuma wasu ɗalibai sun shaida wa majalisar dokokin Amurka cewa wakilin kamfanin ya zo ajinsu, ya ce musu abin ba shi da wani haɗari.

Ga abin da ya biyo baya. A binciken da gwamnatin Amurka take yi kowace shekara a makarantu, kashi 11.7 cikin 100 na ɗaliban babbar sakandare ne suke shan sigarin lantarki a 2017. A 2018 suka kai kashi 20.8. A 2019 suka kai kashi 27.5, wato fiye da ɗalibi 1 cikin kowane 4. In aka haɗa da na ƙaramar sakandare, yara sama da miliyan 5 ke nan. A watan Disamba na 2018 babban likitan gwamnatin ƙasar, Jerome Adams, ya kira abin annoba. A cikin wannan watan ne kuma kamfanin Altria, mai yin sigarin Marlboro a Amurka, ya sayi kashi 35 cikin 100 na Juul a kan dala biliyan 12.8. Abin da aka ce an yi shi domin ya kashe kasuwar sigari, ga shi mai sigari ya zuba kuɗinsa a ciki.

Da surutu ya yi yawa, Juul ya rufe shafukansa na Facebook da Instagram a watan Nuwamba na 2018. Amma aikin gama ya riga ya gama. Matasa da kansu suka ci gaba da ɗora hotuna da bidiyo, suna gasar wanda zai fi iya busa tururi ya yi zobe, ba wanda yake biyansu ko sisi. Wani likita na Jami'ar Stanford, Robert Jackler, wanda ya daɗe yana tattara tallace-tallacen taba, ya nuna a rahotonsa na 2019 cewa tallar Juul ta farko ta bi sawun tsofaffin tallace-tallacen sigari ne, launi da tsayuwa da murmushi. A 2022 kamfanin ya amince zai biya dala miliyan 438.5 ga jihohi sama da 30, a 2023 kuma ya amince da wata dala miliyan 462 ga wasu jihohi 6 da babban birnin ƙasar. Kuɗi ne masu yawa, amma ba su cire nikotin daga jikin ko yaro ɗaya ba.

Yadda tallar waya ta bambanta da wadda muka sani

Mun saba da talla a allo a bakin titi, ko a rediyo tsakanin labarai da gaisuwa. Irin wannan kowa yana ganinta, uba da ɗa tare, kuma kowa ya san talla ce. Ta waya ba haka take ba.

Da fari, ba ta kama da talla. Wani mawaƙi ne ko mai wasan barkwanci da yaro yake ƙauna, yana zaune a mota mai kyau, yana hira a kan wata magana dabam, sai ya zuƙi abin ya busa. Bai ce a saya ba. Wataƙila an biya shi, wataƙila kyauta aka aiko masa, mai kallo ba zai sani ba. Dukanmu mun san cewa maganar aboki ta fi ta ɗan kasuwa shiga kunne, kuma saurayi yana ɗaukar wanda yake kallo kullum a waya tamkar abokinsa.

Sa'an nan ita kanta wayar tana zaɓa wa mutum abin da zai gani. Manhajoji irin su TikTok da Instagram da Facebook suna lura da bidiyon da ka tsaya a kai, da tsawon lokacin da ka tsaya. In yaro ya kalli bidiyon busa tururi guda har ƙarshe, gobe za a kawo masa biyar. Ba wani mutum ne yake zaune yana turo masa ba, haka aka gina na'urar domin ta riƙe shi yana kallo. Ta haka sai ya ɗauka cewa duk duniya kowa yana sha, shi kaɗai aka bari a baya. Wayar mahaifinsa kuwa wa'azi da labarai da farashin taki take nuna masa. Suna gida ɗaya, amma abin da suke gani dabam. Wannan ne ya sa iyaye da yawa za su rantse cewa ba a tallar wannan abu a garinsu.

Akwai kuma ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce akwai aƙalla iri 16,000: alewa, cingam, kankana, lemo mai sanyi, da sauransu. A ganina wannan kaɗai ya isa shaida. Dattijon da ya shekara 30 yana shan taba ba ɗanɗanon cingam yake nema ba.

Kamfanonin waya suna da dokoki a rubuce. A watan Disamba na 2019 Facebook da Instagram suka sanar da hana masu mabiya karɓar kuɗi domin tallar sigarin lantarki. A wannan watan ne hukumar kula da talla ta Birtaniya ta hukunta cewa kamfanin British American Tobacco ya saɓa doka da hotunan da ya ɗora a Instagram. TikTok ma ya ce ya hana. Amma masu sayarwa suna canza rubutun sunan, suna sa lambar WhatsApp maimakon farashi, wasu har suna alkawarin ɓoye kayan cikin kwalin alewa ko kayan kwalliya domin kada iyaye su gane. Shingen shekaru kuma wasa ne: shafi ya tambaye ka ko ka kai 18, ka danna "i", shi ke nan.

Me nikotin yake yi wa matashi?

Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama girma sai wajen shekara 25. Saboda haka saurayi mai shekara 20, ko da ya yi aure yana noma gonarsa, ƙwaƙwalwarsa tana kan ginuwa. Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi, ya ba da ɗan jin daɗi, ya wuce. In an maimaita, ƙwaƙwalwa ta saba, har ta kai in babu shi mutum ya kasa natsuwa, ya yi ta fushi, barci ya gagara. A nan ne yaudarar take. Mai sha yana cewa abin yana kwantar masa da hankali, alhali rashin kwanciyar hankalin nikotin ne ya kawo shi. Sigari na ganye yana ƙarewa a jefar da guntun, a jira wani lokaci. Na lantarki ba ya ƙarewa a zama ɗaya, ana iya zuƙarsa a ɗaki, a aji, a kan gado, tun safe har dare.

Nikotin yana ƙara bugun zuciya da hawan jini, yana kuma cutar da jariri a cikin mai juna biyu. Ruwan da ake zubawa a na'urar guba ne ga ƙaramin yaro in ya sha, ga shi kuma yana ƙanshin alewa. A 2019 zuwa farkon 2020 an kwantar da mutum 2,807 a asibitocin Amurka da wani mugun ciwon huhu, 68 suka mutu. Bincike ya nuna yawancinsu sun sha ruwan da aka haɗa da sinadarin wiwi da wani mai da ake ƙarawa, wanda suka saya a bayan fage. Darasin da ya shafe mu shi ne, wanda ya sayi ruwa a hannun wanda bai sani ba, bai san abin da aka zuba a ciki ba.

Dole a faɗi ɗaya gefen kuma, domin in muka ɓoye, yaranmu za su karanta a waya su ce ƙarya muke yi. Yawancin cutar sigari na ganye daga hayaƙin ƙonewa take fitowa, na lantarki kuwa ba ya ƙona ganye. Likitoci a Ingila suna ba manyan mashaya shawarar komawa gare shi domin su rabu da sigari, kuma bincike ya nuna yana taimaka wa waɗansu. Amma waɗannan likitocin suna ƙarawa da cewa wanda ba ya shan taba kada ya fara. Masu talla suna ɗaukar rabin farko na maganar su bar na biyu. A Ingilan kanta, wani bincike da aka buga a 2024 ya gano kimanin mutum miliyan 1 da suke shan sigarin lantarki alhali ba su taɓa zama mashayan sigari ba, kuma cikin irin waɗannan masu shekara 18 zuwa 24, mutum 1 cikin 7 yana sha. Waɗannan ba a raba su da komai ba, an ɗora musu abin da ba su da shi ne.

Da aka toshe nan, sai ya ɓulla can

Amurka ta ɗaga shekarun sayen taba zuwa 21 a ƙarshen 2019, ta kuma hana ƙananan kwalaye masu ɗanɗano irin na Juul a farkon 2020. Nan da nan sai ga wani sabon iri, wanda ake sha a jefar in ya ƙare, da sunaye kamar Puff Bar da Elf Bar, domin dokar ba ta ambace shi ba. Duk da haka ƙoƙarin bai tafi a banza ba, gama a 2024 masu sha cikin ɗaliban babbar sakandare sun sauko zuwa kashi 7.8. Indiya ta hana sigarin lantarki gaba ɗaya a 2019. Ostareliya ta mayar da sayar da shi kantin magani kaɗai a 2024. Birtaniya ta hana irin wanda ake jefarwa daga 1 ga Yuni 2025.

Yawancin sigarin lantarki na duniya a birnin Shenzhen na ƙasar Sin ake ƙera shi. Gwamnatin Sin ta hana sayar da shi ta intanet a cikin ƙasarta a 2019, ta kuma hana duk wani ɗanɗano in ba na taba ba daga watan Oktoba na 2022. Amma ba ta hana fitar da shi waje ba. Mai mangwaro da mai kankana an hana 'ya'yansu, ana loda wa jiragen ruwa zuwa wurin 'ya'yan wasu. Kayan da kasuwa ta rufe masa a wani wuri kuwa yakan nemi inda doka ba ta da ƙarfi kuma matasa suke da yawa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe 74 ba su da wata doka a kansa, 88 kuma ba su sa iyakar shekarun saye ba. A rahotonta na 2025 ta ƙiyasta masu sha a duniya sun haura miliyan 100, cikinsu aƙalla miliyan 15 yara ne masu shekara 13 zuwa 15.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce wannan maganar birni ce, mu nan taba gari da sigari muka sani. Haka aka ce game da shisha shekarun baya, sai ga ta ta bazu a garuruwan Afirka har ta kai Kenya ta hana ta a 2017, Kamaru da Mali kuma a 2022. Shisha ma da ɗanɗanon 'ya'yan itace ta shigo, da hotuna a waya. 'Ya'yanmu kuma ba a ƙauye kaɗai suke zaune ba. Suna kwalejoji da jami'o'i, suna bautar ƙasa, suna acaba da aikin gini a birane, suna dawowa gida lokacin Kirsimeti da abin da suka koyo, ƙannensu kuma suna kallo.

Nijeriya tana da dokar taba ta 2015, wadda ta hana tallar taba da sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. A 2024 kuma hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta fito da ƙa'idar hana ƙawata shan taba da kayan nikotin a fina-finai da bidiyon waƙoƙi da na barkwanci. Matakai ne masu kyau. Sai dai bidiyon da aka ɗauka a wata ƙasa ba ya tsayawa a kan iyaka a duba masa takarda.

Saboda haka abin da ya rage yana hannun gida da ƙungiyoyinmu. Iyaye su san kamannin abin. In kun ga ɗan ƙaramin abu mai launi, mai bakin tsotsa, yana ƙanshin alewa, ko ɗaki yana ƙanshin 'ya'yan itace ba tare da an ci ba, ku tambaya. Tambaya cikin hankali ta fi duka da ƙwace waya amfani, gama wanda aka ƙwace wa waya zai kalla a ta abokinsa. A taron zumuntar matasa, maimakon a tsaya ga cewa abu ne marar kyau, a ba su labarin Juul da lissafinsa. Samari ba sa son a raina musu wayo, kuma in suka gane cewa wasu sun zauna a ofis sun tsara yadda za su kama su domin kuɗi, sukan ji haushin da wa'azi ba ya kawowa. A koya musu su riƙa tambaya game da duk bidiyon da suka gani: wa ya biya, wa zai ci riba? Su kuma san cewa a yawancin manhajojin nan akwai inda ake dannawa a ce ba a son irin wannan bidiyo, ko a kai ƙararsa, kuma in an yi haka wayar takan rage kawo shi.

Wanda ya riga ya kamu, kada a kunyata shi a gaban jama'a. Kwanakin farko bayan bari su ne masu wuya: ciwon kai, fushi, rashin barci, da ƙwaɗayin abin. Yakan fi tsanani a makon farko, ya ragu cikin makonni 2 zuwa 4. Ya sa ranar da zai bari, ya gaya wa wani da ya yarda da shi, ya daina bin shafukan da suke nuna abin, ya kuma nisanci zaman da ake sha na ɗan lokaci. In ya gwada ya koma, ya sake gwadawa, gama yawancin waɗanda suka rabu da nikotin ba a gwaji na farko suka yi nasara ba. Mai tari da ya ƙi ƙarewa, ko ciwon ƙirji, ko ƙarancin numfashi, a kai shi asibiti, ya kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da yake sha. Na'urar da ta ƙare kada a jefa ta cikin wuta ko juji inda yara suke wasa, domin batirinta yana iya fashewa, kuma sauran ruwan da ke ciki guba ne.